Ɗaya cikin 8,000: yadda aka gano cibiyar zarra a Manchester, 1908 zuwa 1913

Duk wanda ya yi fizis ko kemistiri a sakandare ya taɓa ganin zanen nan: akwatin dalma a hagu yana fitar da ƙwayoyin alfa, fallen zinariya a tsakiya, allo ya kewaye shi kamar ƙawanya, kibiyoyi da yawa sun wuce kai tsaye, biyu ko uku sun juyo baya. A ƙasa sai a rubuta sunan Rutherford da shekarar 1911. Zanen yana taimaka wa ɗalibi, amma ba da na'ura mai wannan siffa aka yi aikin ba. Ba gwaji ɗaya ba ne, jerin gwaje-gwaje ne da suka ci shekara biyar. Yawancin zaman ɗakin duhu da ƙirge-ƙirgen, Hans Geiger da Ernest Marsden, masu aiki a ƙarƙashin Rutherford, ne suka yi shi. Shi kansa adadin da ya yi suna, ɗaya cikin 8,000, a kan filatinam aka same shi, ba a kan zinariya ba.

Abin da ya fi dacewa a duba a lamarin shi ne wannan: matsakaicin sakamakon gwajin bai saɓa wa tsohon ra'ayi ba ko kaɗan. 'Yan tsirarin ƙwayoyin da ke can gefe, waɗanda mai gaggawa zai ce datti ne ya share, su ne suka rushe shi.

Abin da ke hannu kafin a fara

A 1897 J. J. Thomson, a ɗakin gwaji na Cavendish da ke Kambirij, ya nuna akwai wata ƙwaya mai cajin negatif a cikin kowace zarra. Ita ce ilektiron, kuma yanzu an san zarrar haidurojin ta fi ta nauyi kusan sau 1,837. Tun da zarra a jimlace ba ta da caji, dole akwai cajin fositif a wani wuri da ke daidaita na ilektiron. A 1904 Thomson ya ce wannan caji ya bazu ne daidai wa daida a cikin dunƙulen zarra gaba ɗaya, mai faɗin kusan 10⁻¹⁰ na mita, ilektiron kuma suna ciki kamar 'ya'yan kankana a tsokarta, sai dai su a jere suke zobe-zobe suna juyawa. Bai kamata a raina wannan tsari ba. Ana iya lissafi da shi, kuma a 1910 J. A. Crowther ya auna yadda ƙwayoyin bita, wato ilektiron masu gudu da irin su radiyam ke fitarwa, ke warwatsuwa a cikin ƙarfe ya ga kamar ya dace da shi. Hantaro Nagaoka na Japan ya kawo wani tsari a 1904 mai dunƙule a tsakiya da zoben ilektiron a kewaye, amma lissafi ya nuna zoben ba zai zauna ba, sai aka jingine shi.

Ernest Rutherford, haifaffen Niyu Zilan, ya baro Jami'ar McGill ta Kanada ya zo Manchester a 1907. Shi ya raɗa wa alfa da bita suna tun 1899. A 1908 shi da Thomas Royds suka tara ƙwayoyin alfa a bututun gilashi na 'yan kwanaki, suka ratsa wuta, hasken da ya fito ya nuna na hiliyam ne. Ke nan alfa zarrar hiliyam ce da ta rasa ilektiron ɗinta biyu: cajinta fositif biyu, nauyinta ya kai na ilektiron kusan 7,300, kuma mafi ƙarfinsu tana gudun kilomita kusan 19,000 a daƙiƙa. Duk da wannan gudu, iska mai tsawon santimita 7 tana tsayar da ita, takarda ɗaya ma ta ishe ta. Wannan rauni ne ya tsara yadda aka gina duk na'urorin da za a ambata.

Kayan aikin

Radiyam ɗin da aka yi aiki da shi aro ne daga Akademiyar Kimiyya ta Biyana, bai kai rabin giram ba. Ba a kai shi kusa da falle kai tsaye. Ana ajiye shi a narke, a zuƙo iskar da yake haifarwa, wadda yau ake kira radon, a tsaftace ta, a kulle a ɗan bututun gilashi mai siririn bango ko mai tagar maika, wato dutsen nan mai sheƙi da ake ɓare shi falle-falle. Irin wannan tushe yana fitar da alfa iri uku, daga radon da 'ya'yansa biyu, wato sinadaran da yake rikiɗewa ya zama, masu kuzarin 5.5 da 6.0 da 7.7 a MeV, ma'aunin kuzarin irin waɗannan ƙwayoyi. Kuma kullum raguwa yake yi: duk kwana 3.8 rabinsa ke ƙarewa, wato kusan kashi 17 cikin ɗari a yini.

Ma'aunin kuwa idon mutum ne. Ana barbaɗa garin haɗin tutiya da farar wuta a kan gilashi, duk alfar da ta faɗa masa sai ya yi ɗan walƙiya guda, ƙarama ƙwarai, wadda sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Kafin a amince da wannan hanya sai da Rutherford da Geiger suka gwada ta da wata na'urar ƙirga ta lantarki a 1908, suka ga adadin ya zo ɗaya: kowace walƙiya alfa ɗaya ce. A wannan aiki ne suka sami cewa giram ɗaya na radiyam yana fitar da alfa 3.4 × 10¹⁰ a daƙiƙa, adadin da aka gyara daga baya ya koma 3.7 × 10¹⁰.

Mai ƙirga sai ya zauna cikin duhu na kusan rabin sa'a kafin idonsa ya buɗe. Yana ƙirga na kamar minti ɗaya ya huta, wani yana riƙe da agogo yana rubutawa, sannan su yi musanya. Geiger da Marsden sun rubuta iyakar da ido ke iya riƙewa: sama da walƙiya 90 a minti ƙirga tana kuɓucewa, ƙasa da 5 kuma ba abin dogaro ba ne. A riƙe waɗannan adadi biyu, domin su ne babbar matsalar gwajin 1913.

Zinariya kuwa an zaɓe ta don dalili uku. Maƙera suna iya buga ta ta yi siriri fiye da kowane ƙarfe, ba ta tsatsa, kuma zarrarta na da nauyi, 197 idan haidurojin 1 ne, don haka alfa mai nauyin 4 ba ta iya ture ta sosai. Falle mai kaurin santimita 0.00004 jerin zarra ne kusan 1,500 a kan juna.

1908 da 1909: abin da aka gani

Geiger ya fara da bututun gilashi mai tsawon kusan mita biyu, tushe a wannan baki, allo a wancan, da tsaga mai faɗin milimita 0.9 a tsakani. Idan an zuƙe iska, hoton tsagar yana fita a allo da kaifi. Idan an bar iska kaɗan, ko an rufe tsagar da falle, sai gefen hoton ya dusashe, wasu walƙiyoyi su bayyana a wajensa. Karkata ce ta digiri ɗaya ko biyu, kuma ba ta ba kowa mamaki ba.

A 1909 Rutherford ya ba Marsden, ɗalibi ɗan shekara 20 da bai ma kammala digiri ba, aikin duba ko akwai alfar da ke dawowa baya daga fuskar ƙarfe. Na'urar ba ta da wuya. Bututun radon mai siffar mazurari yana fuskantar ƙarfen da za a gwada, allo yana gefe ɗaya da bututun, an kafa faifan dalma a tsakaninsu don kada alfa ta tafi allo kai tsaye. Duk abin da ya isa allo, sai dai ya je ƙarfe ya juyo. Ba a ma zuƙe iska ba, shi ya sa aka matso da komai kusa-kusa, cikin 'yan santimita.

Walƙiya ta bayyana. Suka yi ta sauya ƙarfe suna ƙirgawa a minti: alminiyam 3.4, baƙin ƙarfe 10.2, jan ƙarfe 14.5, azurfa 27, kuza 34, filatinam 63, zinariya 67, dalma 62. In ban da dalma da ta ɗan kasa zinariya, da nauyin zarra ya hau, adadin sai ya hau, har ma ya fi nauyin saurin hawa: zinariya ta fi alminiyam nauyi sau bakwai da 'yan kai, amma ta fi ta mayar da alfa kusan sau ashirin.

Mataki na biyu shi ya nuna ba su yi aikin da ka ba. Tambaya ce mai sauƙi: daga fuskar ƙarfe alfar ke dawowa, kamar haske a madubi, ko daga cikinsa? Suka riƙa jera fallayen zinariya ɗaya bisa ɗaya. Da daga fuska ne, falle ɗaya da talatin duk ɗaya ne. Sai adadin ya yi ta hawa da kowane falle, har ya kai wani matsayi ya tsaya. Hawan ya nuna daga ciki abin ke faruwa. Tsayawar kuma dalilinta a fili yake: alfar da ta yi nisa ciki kafin ta juyo ba ta da sauran kuzarin fitowa.

A mataki na uku suka ɗauki tushen da aka san yawan alfar da yake fitarwa, suka sa faifan filatinam, suka lissafa. Kusan ɗaya cikin 8,000 ke dawowa. A siririn fallen zinariya mai kaurin santimita 0.00004, adadin da Rutherford ya kawo daga baya shi ne ɗaya cikin 20,000. A 1910 Geiger ya auna kusurwar da yawancin ƙwayoyin ke karkata a irin wannan falle, ya sami digiri 0.87.

Lissafin da ya ƙi fita

A zarrar Thomson abu biyu ne kawai za su iya karkatar da alfa. Na farko ilektiron. Abu mai nauyin 7,300 ya ci karo da mai nauyin 1, iyakar karkatar da zai yi ba ta kai digiri 0.01 ba, kamar tirela ce ta taka tsakuwa. Na biyu cajin fositif. Da yake ya bazu ko'ina, turinsa ya fi ƙarfi a bakin zarra, kuma yana raguwa in an shiga ciki, a tsakiya ma babu shi sam. Idan aka sa adadin zinariya, karkatar ba ta wuce digiri 0.02 a zarra ɗaya.

To amma zarra 1,500 ce a jere, ba za su haɗu su yi yawa ba? Za su haɗu, sai dai ba ta tarawa kai tsaye ba, domin wannan ta tura dama, waccan ta tura hagu. Irin wannan tafiya ta kai-komo tana girma ne da saiwar adadin, kuma saiwar 1,500 kusan 39 ce. A ninka 39 da 0.02, a sami kusan digiri 0.8. Geiger ya auna 0.87. Nan fa ake yin ta: tsarin Thomson ya ci wannan jarrabawa. Wanda ya tsaya a matsakaici zai tashi da cewa gwaji ya gaskata Thomson, kuma ba za a ce ya yi kuskuren lissafi ba.

Matsalar tana can gefe. Idan karkata tana zuwa ne daga tarin ƙananan turi, kuma matsakaicinta kusan digiri ɗaya ne, yiwuwar ta wuce digiri 90 ita ce ɗaya cikin adadi mai sifili kusan 3,500 a bayansa. Ko duk radiyam ɗin duniya aka tara ana harbi tun farkon halitta, ba za a ga ko ɗaya ba. Marsden kuwa yana ganin sittin da wani abu a minti. Shekaru da yawa bayan haka Rutherford ya kwatanta abin da a harba harsashin igwa mai inci 15 kan siririyar takarda ya dawo ya bugi mai harbin.

Amsar Rutherford

Ya fi shekara yana juya lamarin. A ranar 7 ga Maris 1911 ya gabatar da amsarsa a taron ƙungiyar masana ta Manchester, cikakken bayanin kuma ya fito a mujallar Philosophical Magazine a watan Mayu. Babbar karkata, in ji shi, karo ɗaya ne tak, ba tari ba. Don karo ɗaya ya juyar da alfa, dole cajin da yawancin nauyin zarra su dunƙule a wuri ƙarami ƙwarai, yadda alfa za ta iya matsowa kusa, inda turi ke ninkuwa huɗu duk sanda rata ta ragu da rabi.

Lissafin ya dogara ne kan tsawo guda: idan alfa ta nufi cibiya saiti ɗaya, ina za ta tsaya kafin ta koma? Inda duk kuzarin gudunta ya ƙare wajen yaƙi da turi. Rutherford ya ɗauka cajin zinariya 100 ne, ya sami santimita 3.4 × 10⁻¹². Da cajin gaskiya, 79, da alfa mai 7.7 MeV, amsar mita 3 × 10⁻¹⁴ ce. Sauran ya danganta da yadda saitin alfa ya kauce wa cibiya. Idan ya kauce da rabin wancan tsawo, karkata digiri 90 ce. Idan ya kauce da ninkinsa goma, ba ta kai digiri 6 ba. Idan ta bi ta gefen zarra, ba a ma ganin ta karkata.

Ana iya gwada wannan da alƙalami. Mita ɗaya murabba'i na fallen nan yana ɗauke da zarra kusan 2.4 × 10²². Kowace cibiya tana da ɗan da'irar da in alfa ta faɗa ciki za ta juya sama da digiri 90. A tara faɗin da'irorin duka, a ga kason fallen da suka rufe: ɗaya cikin 60,000 ga alfa mai 7.7 MeV, ɗaya cikin 30,000 ga mai 5.5. Idan aka tuna tagar maika da iska sun rage wa ƙwayoyin gudu kafin su isa, ɗaya cikin 20,000 bai yi nisa ba.

Daga nan hasashe huɗu suka fito, kowanne ana iya ƙaryata shi. Adadin da ke zuwa wata kusurwa zai bi ɗaya bisa sain (sine na lissafin kusurwa) na rabin kusurwar, an ninka shi da kansa sau huɗu. Zai hau daidai da kaurin falle muddin fallen siriri ne. Idan cajin cibiya ya ninka biyu, adadin zai ninka huɗu. Idan gudun alfa ya ragu da rabi, adadin zai ninka 16.

Takardar ba ta tada ƙura ba a lokacin. Ko a taron Solvay na ƙarshen 1911, inda Rutherford yake zaune tare da manyan masana fizis na Turai, ba a kanta aka yi magana ba. Kuma da gaskiyarsu ta wani gefe: adadi ɗaya ne aka bayyana da sabon tsari. Sauran hasashen ba a auna su sosai ba tukuna.

1913: inda aka yi aikin tabbatarwa

Na'urar wannan karo akwatin ƙarfe ne mai siffar gwangwani, da murfin gilashi da aka goge ya zauna daram. Madubin ƙara girma yana manne a jikin akwatin, allo kuma a bakin madubin ta ciki. Akwatin yana kan faifai mai alamun digiri, yana juyawa a kan mahaɗi mai siffar mazurari wanda iska ba ta ratsa shi. Tushe da falle ba sa juyawa, suna kafe a kan bututun da ya shigo ta ƙasa, ta cikinsa kuma ake zuƙe iska. Ke nan allo ɗaya ne ƙarami ke zagaya fallen, kusurwa bayan kusurwa, daga digiri 5 zuwa 150.

Ga matsalar: tsakanin waɗannan kusurwoyi biyu, lissafi ya ce adadin zai bambanta kusan sau 250,000, ido kuwa tsakanin 5 da 90 kawai yake aiki, wato sau 18. Dabarar da suka yi ita ce su mai da raunin radon ya zama ma'auni. Suka fara da manyan kusurwoyi tun tushe na da ƙarfi, lokacin da 'yan ƙwayoyin da ke juyowa suka isa a ƙirga. Da kwanaki suka wuce tushe ya yi sanyi, suka riƙa saukowa ƙananan kusurwoyi. Cikin kwana 25 ƙarfin radon yana raguwa kusan sau ɗari. Ga kusurwoyi mafi ƙanƙanta kuma suka matse ƙofar da alfa ke fita. Kowace ƙirga sai an gyara ta da lokacin da aka yi ta, kuma kowane rukuni yana da kusurwar da ta haɗa shi da na gabansa don a ɗinke su.

Bayan gyara, ga abin da zinariya ta ba da: 33.1 a digiri 150, 69.5 a 105, 477 a 60, 7,800 a 30, 132,000 a 15. Idan hasashen farko gaskiya ne, raba kowanne da abin da lissafi ya ce zai ba da adadi guda da ba ya sauyawa. Abin da ya fito shi ne 28.8 da 27.5 da 29.8 da 35.0 da 38.4. Ba daidai cif ba ne, akwai ɗan hawa ta wajen ƙananan kusurwoyi, kuma ba su ɓoye shi ba. Amma bambancin kashi ɗaya cikin uku ne a kan abin da ya sauya kusan sau 4,000.

Don gwada kauri, suka yi faifai mai ramuka da aka rufe da fallaye daban-daban, ana juya shi daga waje ba tare da an buɗe wa iska ba. Adadin ya hau a miƙe da kauri, abin da karo ɗaya ke bayarwa, ba tarin ƙananan turi irin na Thomson ba. Wannan ne, a ganin mai wannan rubutu, gwajin da ya fi raba gardama, domin shi ya tunkari bambancin Thomson da Rutherford kai tsaye. Don gwada gudu, suka riƙa sa fallayen maika a gaban tushe suna rage wa alfa kuzari, suna gano gudun daga nisan da ya rage mata a iska. Adadin ya hau kusan sau goma, kuma ya bi hasashen. Jimillar walƙiyar da suka ƙirga da ido ta haura 100,000.

Na caji ne ya zo da rauni. Sun ce cajin cibiya kusan rabin nauyin zarra ne, da kuskuren da ka iya kai kashi 20 cikin ɗari. Rabin 197 kusan 98 ne, gaskiya kuwa 79. Dalili shi ne sauran gwaje-gwajen kwatanta ƙirga da ƙirga ne, kurakurai suna cinye juna, wannan kuwa sai an san ainihin yawan alfar da ta faɗa kan falle, da ainihin kaurinsa, da ainihin faɗin allon da madubi ke gani.

Wuraren da aikin ke lalacewa

Ko an cire falle gaba ɗaya, ana ganin 'yan walƙiyoyi. Ƙwayoyi ne da suka bugi bangon akwati ko leɓen ƙofa suka faɗo allo. A digiri 15 ba su da tasiri, a digiri 150 kuwa, inda ainihin adadin kaɗan ne, suna iya ɓata komai. Maganinsu daga sakamakon 1909 ya fito: tun da abu mai sauƙin zarra ba ya mayar da alfa sosai, sai aka shimfiɗa takarda a cikin akwatin, aka yi ƙofar da alminiyam. Sauran da ya rage a ƙirga shi ba falle, a ɗebe daga kowane adadi.

Radon yana fitar da bita da gama (wani haske mai ratsa abubuwa) ta hanyar 'ya'yansa, su kuma suna sa allo ya yi wani haske-haske da ke danne walƙiya, don haka sai an kewaye tushe da dalma. In bututun ya yi yoyo ko kaɗan, radon ya shiga akwati, 'ya'yansa su manne a bango, kowane lungu ya zama tushe. Fallen maƙera kuma bai da kauri ɗaya ko'ina, har da ƙananan huda. Ita kanta ƙirga tana da nata kuskure da ba a kauce masa: wanda ya ƙirga 100 yana iya saɓawa da 10 sama ko ƙasa, sai ya ƙirga 10,000 kafin kuskuren ya sauko kashi ɗaya cikin ɗari.

Mafi haɗari shi ne idon da ya san abin da ake so ya gani. Wannan bai ɓata aikin Manchester ba, amma ya ɓata wani bayansa. A shekarun 1920 masu bincike a Biyana sun yi ta ba da rahoton fasa cibiyoyin da Kambirij ta kasa fasawa. A Disambar 1927 James Chadwick na Kambirij ya je can, ya riƙa sauya yanayin gwaji ba tare da masu ƙirga sun san abin da ya sauya ba, sai bambancin ya ɓace. Ba da daɗewa ba na'urorin lantarki suka karɓi aikin, cikinsu har da bututun da Geiger da Walther Müller suka ƙera a 1928.

Abin da gwajin bai faɗa ba

Bai faɗi ko cajin cibiya fositif ne ko negatif ba. Ja da turi hanya iri ɗaya suke lanƙwasawa a lissafi, adadin da ke zuwa kowace kusurwa ɗaya ne, kuma Rutherford ya rubuta haka a takardarsa. Bai faɗi ainihin cajin ba. Antonius van den Broek ne ya ce lambar gidan sinadari a jadawali ita ce cajin, Henry Moseley ya tabbatar da hasken eksire a 1913 da 1914, kafin a kashe shi a Galifoli a 1915. A 1920 Chadwick ya sake gwajin warwatsuwa da na'ura mafi kyau ya sami 29.3 ga jan ƙarfe, 46.3 ga azurfa, 77.4 ga filatinam, inda lambobinsu 29 da 47 da 78 ne.

Bai ce komai kan zaman ilektiron ba. Zanen ilektiron na kewaya cibiya kamar duniyoyi da rana ba daga wannan awo ya fito ba, kuma a tsohuwar fizis irin wannan ilektiron zai zubar da kuzarinsa ya faɗa cibiya cikin kusan 10⁻¹¹ na daƙiƙa. Niels Bohr, ɗan Denmak da ya zo Manchester a 1912, shi ya ɗauki wannan matsala a takardunsa na 1913. Akwai kuma sa'a a ciki: Rutherford da tsohon lissafin Newton ya yi aiki, wanda bai cika aiki a irin wannan ƙanƙanta ba, sai aka dace cewa ga turin da ke bin murabba'in rata, sabon lissafin kwantum amsa ɗaya yake bayarwa.

Girman cibiya ma iyaka kawai ya ba da. Tun da lissafin ya riƙe har digiri 150, alfa ba ta taɓa jikin cibiyar zinariya ba, ke nan daga tsakiyarta zuwa bakinta bai kai mita 3 × 10⁻¹⁴ ba. Yanzu an san kusan 7 × 10⁻¹⁵ ne: in cibiyar ta kai ƙwayar gyaɗa, zarrar fili ce mai faɗin mita 200. Kafin alfa ta taɓa ta sai ta zo da kusan 25 MeV, radiyam kuwa 7.7 ne iyakarsa. A alminiyam, mai caji 13, turi ya yi rauni har alfa mai 7.7 tana kai wa kusan mita 5 × 10⁻¹⁵, daidai bakin cibiyar. A nan ne, da kuma a haidurojin tun 1919, ƙirga ta fara saɓa wa lissafin Rutherford, kuma daga wannan saɓani aka fara auna girman cibiya da sanin akwai wani ƙarfi a cikinta da ba na lantarki ba. Hanyar kanta ba ta mutu ba: a 1967 kumbon Surveyor 5 na Amurka ya sauka a wata ɗauke da tushen alfa na kuriyam, ya auna kuzarin ƙwayoyin da suka dawo daga ƙasar wurin, daga nan aka karanta sinadaran da ke cikinta.